Kartar Amurka a Wayar Samarinmu: Wa Ke Ci, Wa Ake Ci?



A da, in aka ce ɗan caca, kowa ya san kamanninsa da inda ake samunsa: bayan tasha, ko wani lungun da mutumin kirki ba ya bi da dare. Yanzu kuwa caca ta shigo aljihu. Yaro yana zaune a shagon maigidansa, kansa a sunkuye a kan waya, kai kana zaton labarai yake karantawa. Ta ƙwallo mun yi magana a kanta har mun gaji. Wadda ta sa muka ɗauki biro a wannan karon ita ce wata karta da ake kira foka, musamman nau'inta da Amurkawa ke ce wa Holdem. Masu yin ta ba su yarda cewa caca suke yi ba. Sai su ce maka, "Baba Liman, wannan fa ilimi ne, lissafi ne, har littattafai aka rubuta a kai. Wanda ya iya shi ke ci."

To, mu 'yan kasuwa ne tun kafin a ce mu ja salla, kuma ɗan kasuwa ba ya kushe hajar da bai kwance ba. Saboda haka muka nemi waɗanda suka yi boko cikin 'ya'yanmu, suka warware mana ƙa'idojin wasan da abin da gwanayensa suka koyar, mu kuma muka bi lissafin da biro da takarda kamar yadda muke bin lissafin huhun goro. Samarin sun yi gaskiya a abu ɗaya: akwai lissafi a ciki. Sai dai wannan lissafin da suke tinƙaho da shi, shi ne babban mai ba da shaida a kansu. Bari mu bi shi daki-daki, kowa ya yi alƙalanci da kansa.

Wasan daga jihar Teksas ta Amurka ya fito, a shekarun 1960 kuma ya isa Las Begas, garin da aka gina a kan caca. Karta 52 ce, alama huɗu, kowace alama kati 13. Mafi girma shi ne mai harafin A da suke kira As, sai K wato Sarki, sai Q wato Sarauniya, sai J, sannan daga 10 a gangaro zuwa 2. Mutum tara ko goma ke zagaye teburi. Ana ba kowa kati biyu a rufe, shi kaɗai ke ganinsu. Daga nan a buɗe kati biyar a tsakiya waɗanda na kowa da kowa ne: uku a tashi ɗaya, sai ɗaya, sai na ƙarshe. Kowa zai haɗa biyar mafi ƙarfi daga cikin bakwai ɗin nan, wanda nasa ya fi shi ke kwashe kuɗin tsakiya. Sau huɗu ake zuba kuɗi: bayan an raba biyun farko, da kuma bayan kowace buɗewa. In an zuba kuɗi layi ya zo kanka, ko dai ka ajiye katinka ka haƙura, ko ka bi abin da aka zuba, ko ka ƙara a kai.

Wajen zubin nan wasan ya rabu biyu. Akwai marar iyaka, inda mutum ke iya tura duk abin da ke gabansa a tashi ɗaya. Akwai kuma mai iyaka, wanda a kansa za mu tsaya. A teburin dala 2 da 4, misali, kowane zubi da kowane ƙari a zagaye biyu na farko dala 2 ne cif, a biyu na ƙarshe dala 4, kuma yawanci ba a wuce zubi ɗaya da ƙari uku a zagaye guda. Tun kafin a raba kati, mutum biyun da ke hagun mai rabo sai sun zuba kuɗin dole, ɗaya dala 1, ɗaya dala 2, kuma dolen nan yana zagayawa ya taɓa kowa. Mai iyakan nan shi ke kwantar wa sabon shiga hankali, yana ganin ai ba za a yi masa babbar illa ba. Amma randa ko da ƙaramar huda gare ta, kafin gari ya waye ta zube.

Darasin farko da gwanaye ke koyarwa shi ne zaɓen katin da za a shiga wasa da shi. Mu da ke sayen goro a ƙauyukan Yarbawa mun san cewa riba tun wajen saye ake cin ta. In ka sayi mai tsutsa, duk daɗin bakinka a Kano ba zai mayar da shi marsa ba. Haka su ma suka ce. Kati biyu daga cikin 52 suna iya haɗuwa ta hanya 1,326, amma in aka tace, iri 169 ne kawai: 13 tagwaye ne, wato lamba ɗaya sau biyu, 78 lambobi daban masu alama ɗaya, 78 kuma lambobi daban masu alama daban. Mafi ƙarfinsu tagwayen As, waɗanda a lissafi sau ɗaya suke zuwa a cikin rabo 221. Tagwaye kowane iri kuwa sau ɗaya cikin 17. Wanda aka fi rainawa shi ne 7 da 2 masu alama daban.

Wani Ba'amurke mai suna David Sklansky ya fitar da littafi a kan wasan a 1976, daga baya shi da Mason Malmuth suka fitar da wani a 1988, inda aka jera katunan da suka cancanci a shiga da su aji-aji har takwas. A ajin farko guda biyar ne kacal: tagwayen As, tagwayen Sarki, tagwayen Sarauniya, tagwayen J, sai As da Sarki masu alama ɗaya. Fiye da rabin 169 ɗin nan ko aji ba a ba su ba, shara ce. Abin da koyarwar ta tattaru a kai shi ne, a cikakken teburi gwani yana ajiye wajen huɗu cikin kowane rabo biyar ba tare da ya zuba ko sisi ba. Ku sake karanta wannan. Malaman wasan da kansu suka ce mafi yawan aikin gwani shi ne ƙin shiga. Yanzu ku tambayi yaron da ya sa kuɗin cinikin yini a waya da ƙarfe goma na dare, shin zama ya zo yi yana kallon wasu, ko wasa ya zo yi?

Akwai kuma katin yaudara, wanda ake yi wa kallon kitse alhali rogo ne. Sarki da J, misali. Sabon shiga yana ganin hotuna biyu sai ransa ya yi fari. Amma in wani yana riƙe da As da Sarki, to wancan zai ci shi kusan sau uku cikin huɗu. Mafi muni, in Sarki ya fito a tsakiya dukansu sun sami tagwaye, shi mai J yana murna yana ta bi har ƙarshe, bai san As ɗin wancan ya riga ya danne shi ba. Katin banza ba ya cin kuɗin mutum sosai, domin da wuri ake yar da shi. Mai kama da na ƙwarai shi ke tatse aljihu. Duk wanda ya taɓa sayen huhun da aka yi wa ado da manya a sama ya san zancen.

Ƙananan tagwaye, kamar 4 da 4, su ma da sharaɗinsu. Amfaninsu shi ne na uku ya fito a buɗewar farko, kuma hakan bai wuce sau ɗaya cikin takwas zuwa tara ba. Don haka aka ce kada a shiga da su sai in mutane da yawa sun riga sun shiga, kuma ba wanda ya ƙara, domin ranar da aka dace kuɗin tsakiya ya isa ya biya sauran ranakun. In bai fito ba, a ajiye nan take.

Darasi na biyu shi ne wurin zama. Wanda layi ya fara zuwa kansa yana magana ne a duhu, bai san abin da mutum takwas na bayansa za su yi ba. Na ƙarshe kuwa ya ga wanda ya ƙara, ya ga wanda ya gudu, sannan ya yanke shawara. Saboda haka katin da ake shiga da shi daga kujerar ƙarshe, yar da shi ake yi daga kujerar farko. Dillalan kara ba sa buƙatar a fassara masu wannan. Wanda ya bari kowa ya taya sa kafin ya buɗe baki, ya fi wanda ya fara tayawa sanin inda kasuwa ta dosa.

Darasi na uku shi ne yadda ake zubi. Sun ce in katinka na ƙwarai ne ka ƙara, in ba na ƙwarai ba ne ka ajiye, bin mutane kawai sifar wanda ake ci ce. Dalilin ƙarin ma lissafi ne. Tagwayen As suna cin abokin karawa guda wajen sau 85 cikin 100, amma in mutum tara suka tsaya da kai har ƙarshe, cin ya sauko ƙasa da ɗaya cikin uku. Ke nan ana ƙarawa ne don a kori wasu, waɗanda suka nace kuma su biya da tsada.

Sai auna abin da za a biya da abin da ake hange. A ce kana da kati huɗu masu alama ɗaya, kana jiran na biyar, saura buɗewa ɗaya. Ka ga kati shida, saura 46 da ba ka gani ba. Tara daga cikinsu za su cika maka, 37 ba za su cika ba. An zuba dala 4, kai ake jira. In kuɗin tsakiya dala 24 ne, ka ɗauka an maimaita wannan hali sau 46: za ka yi asarar dala 4 sau 37, wato 148, ka ci dala 24 sau tara, wato 216. Akwai rarar 68, sai ka bi. In kuwa dala 12 ce a tsakiya, cin ya koma 108, asara tana nan 148, sai ka ajiye. Kati ɗaya ne, amma hukuncin ya sauya da sauyin farashi. Ku lura kuma, ko a inda lissafi ya ce ka bi, sau huɗu cikin biyar kuɗinka tafiya yake yi.

To, wannan shi ne ilimin, kuma ba mu rage masa komai ba. Saura tambayar ɗan kasuwa: nawa yake kawowa, kuma daga aljihun wa?

Tsofaffin 'yan wasan mai iyaka suna da ma'aunin da suka daɗe suna faɗa, cewa gwani na sosai yana samun kimanin babban zubi ɗaya a awa, in aka haɗa ribarsa da asararsa na dogon lokaci. A teburin dala 2 da 4, dala 4 ke nan a awa. Mafi ƙarancin ladan ƙwadago da dokar tarayyar Amurka ta yanka tun 2009 dala 7.25 ne a awa. Ashe mai wanke kwanuka a gidan abinci ya fi wannan gwanin samu, kuma shi ba ya komawa gida da ƙasa da abin da ya fito da shi. Gwanin kuwa yana iya yin makonni yana wasa daidai yana asara, shi ya sa suke cewa sai mutum ya ware jarin da ya kai babban zubi ɗari uku kafin ya zauna, kuɗin da in sun tafi ba za a kwana da yunwa a gidansa ba. Wane yaro ne a unguwar nan yake da irin wannan kuɗi na kansa?

Sannan ga mai gidan caca, wanda ba ya riƙe kati amma ba ya faɗuwa. Daga kowane kuɗin tsakiya yana cire kamashonsa, yawanci kashi 5 zuwa 10 cikin 100, zuwa wata iyaka. A ce mutum goma sun zauna kowa da dala 100, dubu ɗaya ke nan a teburi. A ce ana rabo 30 a awa, ana cire dala 3 kowane rabo. Dala 90 ke fita duk awa. In suka yi awa biyar, kusan rabin kuɗin ya bar teburin, sauran shi suke ta ƙwace a tsakaninsu. A waya kuwa rabo ya fi haka sauri nesa ba kusa ba, domin na'ura ba ta gajiya da tankaɗe karta. Don haka in goman nan duk gwanaye ne masu ilimi ɗaya, dukansu asara za su yi. Gwani ba ya cin riba sai akwai wanda bai iya ba a teburin, mai shiga da kowane kati, mai bi har ƙarshe, wanda in ya yi asara zuciya ta ɗebe shi ya ƙara zubawa don ya rama. A bakinsu kifi suke kiran irin wannan mutum. Duk littattafan nan darasin kamun kifi ne. Yaronmu da ya koyi wasan watanni uku da suka wuce, a wayar da caji ke ƙare mata, yana karawa da mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba, mai ƙugiya ne shi ko na cikin ruwa?

Bai ma da tabbacin mutum ne a ɗaya ɓangaren. A watan Janairun 2015 masana a Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada, ƙarƙashin Michael Bowling, suka sanar cewa sun ƙera manhajar kwamfuta mai suna Cepheus da ta warware Holdem mai iyaka na mutum biyu, har ta kai ko mutum ya ƙarar da rayuwarsa yana karawa da ita ba zai iya nuna ya fi ta ba. Shekarun da suka wuce ke nan, kuma kwamfuta ba baya take ci ba. Wanda ke sayar wa samarinmu "sirrin ci" a Facebook ko WhatsApp kuwa, amsarsa tana bakin kakanninmu: in da kura na maganin zawo, da ta yi wa kanta.

Akwai labarin da ake yawan jawo hankalin matasa da shi, na wani akawu mai suna Chris Moneymaker. A 2003 ya sami gurbi ta intanet da ɗan kuɗi kaɗan, ya je babbar gasar foka ta duniya da ake yi a Las Begas tun 1970, ya ci dala miliyan biyu da rabi. Labarin gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mutum 839 suka shiga gasar, kuɗin kowace kujera dala 10,000, kuma daga nan aka tara abin da ya ɗauka. Sunan mutum ɗaya duniya ta riƙe.

Samari masu kaifin baki sukan mayar mana da magana su ce, "Ai ku ma Baba caca kuke yi. Kuna loda goro a mota, ba ku san ko zai isa lafiya ba, ba ku san farashin da zai tarar ba." Tambaya ce mai kyau, ta cancanci amsa. Haɗari kam akwai shi a fatauci, mun sha gani. Amma ku bi huhu ɗaya daga gona zuwa Arewa. Manomi ya karɓi kuɗinsa, matan da suka ɓare suka wanke sun sami na cefane, mai ɗauri ya samu, ɗan dako ya samu, direba ya samu, wanda ya saya a can ya kai goron ɗaurin aure ko na suna. Ko mu da muka yi fataucin mun faɗi, goron ya yi amfani a wani wuri. A teburin karta ba a shuka komai ba, ba a kai komai ko'ina ba. Kuɗin da aka zo da su ne ake juyawa suna raguwa, kuma dariyar ɗaya ba ta samuwa sai da kukan ɗaya. Waɗanda suka karanta Risala a Islamiyya za su tuna an hana sayar da kifin da ke cikin kogi da ɗan da ke cikin cikin dabba, saboda mai saye bai san abin da ya biya wa kuɗi ba. To ina ga biyan kuɗi a kan katin da ba a buɗe ba? Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara aya ta 219, bai musanta cewa wasu na samun wani amfani a caca ba, sai dai ya nuna zunubin ya rinjayi amfanin. A Ma'ida aya ta 90 da 91 aka yanke hukunci, aka kuma ambaci gaba da ƙiyayya da shagala daga salla. Iya lissafi ba ya canza wa abu suna. Ɓarawon da ya ƙware wajen buɗe kwaɗo bai zama maƙeri ba.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne abin da zai taɓa unguwa baki ɗaya. Mu baƙi ne a ƙasar nan ko da an haife mu a cikinta, kuma jarin da iyayenmu suka kafa Sabo da shi amana ce. Bafatake ya taso daga Arewa da shanu ko buhunan wake, ya sauka gidan maigida, a sayar bashi, ya koma gida hankali kwance domin ya san kuɗinsa za su iske shi. Mai canji yana miƙa wa yaronsa damin kuɗi ya kai wani wuri ba tare da takarda ba. Yau kuɗin nan da yawansu ta waya suke bi, wayar da teburin karta ke cikinta. Tsakanin kuɗin baƙo da kuɗin tsakiya danna biyu ne ko uku. Yaron da ya taɓa su ba da niyyar sata yake farawa ba, cewa yake yi aro ne, kafin asuba zai mayar har da riba. In suka tafi, sunan gidan da aka yi shekara hamsin ana ginawa ya tafi tare da su, kuma maƙwabtanmu ba za su ce wane ne ya yi ba, cewa za su yi Hausawan Sabo.

Saboda haka, iyayen gida, kuɗin amana kada su kwana a asusun yaro, komai yardarku da shi, kuma a riƙa rufe lissafi kullum kafin a tashi. Iyaye mata, ku kuka fi saurin gane ɗan da ya daina barci, ya fara rancen ƙananan kuɗi, ya zama mai saurin fushi. In kun gani, a kira shi a ɗaki a yi magana cikin sirri, a san nawa ake bin sa, a tsara yadda za a biya. Tozarta shi a bainar jama'a tura shi zai yi ya koma neman ramawa, kuma garin neman gira ake rasa ido.

Ku kuma 'ya'yanmu, ba mu raina ƙwaƙwalwarku ba. Wanda ya iya riƙe lissafin 9 cikin 46 a ka, ya iya auna farashi da haɗari, ya iya haƙurin barin huɗu don jiran ɗaya, wallahi kasuwa na nemansa. Ku kawo wannan basirar kara, ku kawo ta rumfar goro da shagon canji, inda in kun ci riba wanda kuka yi ciniki da shi ma zai tafi yana sa maku albarka, gobe ya dawo. Wanda kuma ya riga ya shiga, bashi ya hau kansa, ƙofarmu a buɗe take bayan sallar isha'i, kuma maganar ba za ta fita ba.

Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.